Gidajen Abincin 'Yan Gari Da Suka Shuɗe: Labarin Birnin San Bernardino

Akwai abin da kan shiga littattafan tarihi ko ba a nema ba, kamar sarauta da yaƙi da yunwa. Akwai kuma abin da ba ya shiga sai an sa shi da gangan, watau irin su rumfar mai tuwo a bakin tasha, da tukubar mai tsire a ƙofar kasuwa, da gidan da matafiya suka saba tsayawa su ci abinci. Irin waɗannan wurare, muddin suna nan, ba mai kula da su. Sai ran da suka tashi sa'an nan mutane kan shiga tambaya, ina wance mai tuwo, yaushe aka rushe rumfar wane, sau da yawa kuwa ba a samun mai ba da amsa.

Wannan ɗan littafi yana ba da labarin wani birni ne na ƙasar Amurka, da gidajen abincin da mutanen garin suka kafa da hannunsu, da yadda galibinsu suka ɓace. An zaɓi wannan birni domin daga cikinsa ne biyu daga cikin manyan kamfanonin abinci na duniya suka samo asali, a cikinsa ne kuma aka fi ganin yadda gidan abincin ɗan gari ke tashi da yadda yake faɗuwa. Abin da labarin ke nunawa shi ne, daɗin girki kaɗai ba ya riƙe gidan abinci. Hanya ce ke ciyar da shi, da aikin da mutanen gari ke samu. In an kawar da hanya, ko aiki ya ƙare, ciniki ya mutu ko da wa ke bakin murhu.

INDA BIRNIN YAKE

San Bernardino yana cikin jihar Kalifoniya, a yammacin Amurka, kamar mil 60 gabas da Los Anjalis. Yana zaune a gindin waɗansu manyan duwatsu, daidai inda wata ƙofa da ake kira Cajon ta ratsa tsakaninsu. Wanda duk ya fito daga gabas ya ƙetare hamada yana nufin bakin teku, ta wannan ƙofa yakan gangaro, babban garin da zai fara tararwa kuwa shi ne San Bernardino. Watau matsayinsa kamar na zangon farko ne ga ayarin da ya fito daga Sahara.

Abu huɗu suka raya garin. Na farko lemo, gama gonakinsa sun kewaye birnin, har tun 1911 aka fara bikin nunin lemo a can. Na biyu jirgin ƙasa, domin kamfanin Santa Fe ya kafa babbar ma'aikatar gyaran jirage a yammacin garin, tana ɗauke da leburori da makanikai masu ɗimbin yawa. Na uku hanyar mota mai lamba 66, wadda aka sa wa wannan lamba a 1926. Ta taso daga Shikago har Los Anjalis, tsawonta ya haura mil 2,400, ta kuma bi ta cikin San Bernardino. A shekarun 1930, da fari da guguwar ƙura suka kori manoma daga jihar Oklahoma da maƙwabtanta, ta wannan hanya suka kwararo yamma da iyalinsu da tarkacensu. Na huɗu aikin yaƙi. A 1942 aka buɗe sansanin mayaƙan sama wanda daga baya aka sa wa suna Norton, a shekarar nan kuma aka kafa masana'antar narka ƙarfe ta Kaiser a Fontana, wani gari da ke maƙwabtaka da shi.

Saboda haka mutanen birnin, waɗanda ba su wuce dubu 44 ba a 1940, suka haura dubu 90 a 1960. Inda duk aka tara matafiya da 'yan albashi kuwa, mai abinci ba ya rasa ciniki.

CIN ABINCI A CIKIN MOTA

Kafin a ci gaba, ya kamata a bayyana wani irin gidan abinci da ya yi tashe a Amurka a wancan zamani. Tun da kamfanin Ford ya fitar da motarsa mai arha a 1908, mota ta daina zama kayan attajirai kaɗai. Kafin 1927 an ƙera irin wannan mota wajen miliyan 15. Da motoci suka yi yawa, sai masu abinci suka lura mai mota ba ya son sauka. A 1921 wani mutum a birnin Dallas ya buɗe rumfa inda ake kai wa mutum abinci har cikin motarsa, dabarar kuwa ta bazu, musamman a Kalifoniya inda ba a sanyi mai tsanani.

Ga yadda abin yake. Akan gina ɗan ƙaramin ɗaki na girki a tsakiyar fili, a bar sarari kewaye da shi domin motoci. Mai mota ya zo ya tsaya, wata yarinya cikin kayan aiki ta sheƙo ta tambaye shi abin da yake so, ta koma ta ɗauko a kan tire mai maƙali, ta rataya a tagar motar. Mutum ya ci yana zaune da iyalinsa, ya biya, ya ba yarinyar ɗan tukuici, ya ja motarsa. Da dare akan kunna fitilun lantarki masu launi domin a hango wurin daga nesa, kowane gida da irin siffarsa da irin allonsa, gama mai shi ne ya zana abinsa yadda ya ga dama.

A San Bernardino waɗansu titunan da haruffa ake kiransu. Titin E shi ne dandalin samari. Da yamma sai su fito da motocinsu su yi ta kai da kawowa a hankali, su tsaya a wannan gida su sha abin sanyi, su zarce wancan su gaisa da abokai. Galibin gidajen nan na mutum ɗaya ne ko iyali ɗaya, mai gida na ciki yana girki, matarsa na karɓar kuɗi, kowa a unguwa ya san su.

'YAN'UWA BIYU DA RUMFARSU

Cikin masu irin wannan sana'a akwai waɗansu wa da ƙane, Maurice da Richard McDonald, waɗanda suka yi ƙaura daga gabashin ƙasar suka zo Kalifoniya neman abinci. A 1940 suka kafa rumfarsu mai kusurwa takwas a kan titin E. Suna da 'yammata masu kai abinci wajen 20, da abinci iri 25, galibi gasasshen nama. Ciniki ya yi kyau, amma wahala ta yi yawa. 'Yammata ba sa daɗewa a aiki, kwanuka na fashewa, cokula na ɓacewa, samari kuma sun mai da wurin majalisa har magidanta sun fara ƙauracewa. Da suka duba littafin cinikinsu sai suka tarar mafi yawan kuɗin daga abu guda yake shigowa, watau hambaga, niƙaƙƙen naman sa da ake soyawa a sa tsakanin burodi.

A 1948 suka yi abin da maƙwabta suka ɗauka wauta ce. Suka rufe rumfar wata uku tana cikin ciniki. Da suka buɗe a watan Disamba, ba 'yammata, ba kwano, ba cokali. Abinci ya koma iri 9 kurum, ana naɗe shi a takarda. Kowa sai ya sauka daga mota ya zo taga da ƙafarsa ya saya. Aikin girki kuma aka rarraba shi kamar na masana'anta, wani suya kaɗai, wani naɗi kaɗai, wani miƙawa kaɗai. Da haka suka sauko da kuɗin hambaga zuwa sent 15, watau kwabon Amurka wanda 100 ke yin dala ɗaya, kusan rabin abin da ake sayarwa a wasu wurare. Da fari ciniki ya ja baya, har waɗansu sukan zo su yi ta danna oda suna jiran yarinyar da ba za ta zo ba. Amma ba a daɗe ba sai leburori da direbobi da masu iyali suka gane arha da sauri, layi ya riƙa kaiwa bakin titi. A 1949 suka ƙara soyayyen dankalin Turawa da kaɗaɗɗiyar madara mai sanyi.

To, abin lura a nan shi ne, wanda ya fara haƙa wa tsohon salon rami ɗan gari ne, a kan titin da salon ya fi ƙarfi. Masu abinci daga ko'ina suka riƙa zuwa kallo, suna komawa garuruwansu suna kwaikwayo.

YADDA SUNA YA FITA DAGA HANNUN MASU SHI

A 1954 wani ɗan kasuwa mai suna Ray Kroc, wanda ke tallar injin kaɗa madara, ya yi mamakin jin rumfa guda tana aiki da injinsa har takwas, ya taso ya zo ya gani da idonsa. Da ya ga layin mutane, sai ya nemi su ba shi wakilcin yaɗa tsarin a ƙasa duka ta hanyar hayar suna. Ma'anar hayar suna ita ce, mutum ya buɗe gida da kuɗinsa, ya ɗauki sunan da tsarin girkin ba ragi ba ƙari, ya riƙa biyan la'ada daga cinikinsa. La'adar da aka yanka ita ce kashi 1.9 cikin 100, rabon 'yan'uwan nan biyu a ciki kuwa rabin kashi ɗaya. A 1955 Kroc ya buɗe gidansa na farko a Des Plaines, kusa da Shikago.

A 1961 ya saye kamfanin ɗungum a kan dala miliyan 2.7. Masu shi suka ware rumfarsu ta asali daga cinikin, amma sunan ya riga ya shiga cikin abin da aka sayar. Saboda haka tilas suka sauke allon da ke ɗauke da sunan ubansu daga kan rumfar da suka gina, aka sa mata The Big M. Kroc kuwa ya buɗe sabon gidan McDonald's kusa da ita. Masu saye suka bi sunan da suka sani, bayan 'yan shekaru tsohuwar rumfa ta rufe, a farkon shekarun 1970 aka rushe ginin. Maurice ya rasu a 1971, Richard a 1998. Kamfanin kuwa yanzu yana da gidaje fiye da dubu 40 a ƙasashe sama da 100.

Ba a ce an zalunce su a farashi ba, gama su suka faɗi kuɗin da suke so aka biya su. Amma labarin ya nuna cewa abin da ya fi daraja a gidan abinci shi ne sunan da mutane suka amince da shi, ya fi ginin, ya fi tukwanen.

GIDAN MITLA DA MAƘWABCINSA

A yammacin birnin, kusa da ma'aikatar jirgin ƙasa, akwai unguwar mutanen da asalinsu daga Meksiko ne. Hanya mai lamba 66 ta bi ta tsakiyarta a kan titin Mount Vernon, kantuna da gidajen abinci na jere hagu da dama. A nan ne wata mata, Lucia Rodriguez, ta buɗe Mitla Cafe a 1937, tana sayar da abincin ƙasar iyayenta ga leburorin jirgi da matafiya. Abin da aka fi saninta da shi shi ne tako, watau wata 'yar waina mai faɗi ta garin masara da ake ninkewa a zuba nama a ciki a soya ta yi ƙaras.

Wannan gida bai tsaya ga ciyar da mutane kaɗai ba. A lokacin, hukumar birnin tana hana mutanen unguwar shiga wurin iyo na jama'a yadda ake barin Turawa. A gidan Mitla shugabannin unguwar suka riƙa taruwa suna shawara, har suka kai ƙara kotun tarayya, a 1944 kuwa alƙali ya yanke hukunci cewa hanin ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Wannan shari'a tana cikin waɗanda suka share fagen rushe wariyar launin fata a makarantu da wuraren jama'a na Kalifoniya.

Daura da gidan, a ƙetaren titi, wani saurayi mai suna Glen Bell yana da rumfar hambaga. Ya ga yadda mutane ke layi a Mitla, sai ya riƙa shiga yana ci yana nazarin yadda ake yin tako, masu gidan kuma ba su ɓoye masa ba. A 1951 ya fara sayar da nasa a kan sent 19. A 1954 ya buɗe Taco Tia a cikin garin, a 1962 ya kafa Taco Bell a garin Downey, a 1978 ya sayar wa kamfanin PepsiCo yana da gidaje fiye da 800. Abokinsa Neal Baker, wanda ya buɗe tasa rumfar a 1952, bai bi wannan hanya ba, gidajensa suka tsaya a yankin da aka haife su.

ABIN DA YA KASHE GIDAJEN

Ba dare ɗaya gidajen 'yan gari suka ɓace ba, ba kuma dalili ɗaya ya kashe su ba. Ana iya lissafa huɗu.

Na farko, hanya ta tashi. A 1956 Gwamnatin Amurka ta yi dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000, waɗanda ba a shiga ko fita daga cikinsu sai a wuraren da aka keɓe. Matafiyi da a da yakan ratsa tsakiyar gari a hankali yana duban alluna, sai ya koma wucewa ta sama a guje. Zuwa 1985 aka soke lambar 66 daga jerin hanyoyin ƙasa baki ɗaya. A San Bernardino kuwa an yi wani abu da ya ƙara tsananta lamarin. Sabuwar hanyar da aka gina a ƙarshen shekarun 1950 ta raba birnin biyu, mafitarta kuma galibi aka fuskantar da su gabas wajen tsakiyar gari, aka juya wa unguwar yamma baya. Titin Mount Vernon ya wayi gari ba baƙi. Sai da aka yi shekara hamsin da ɗoriya kafin a gyara wannan kuskure, lokacin kuwa kantuna da yawa sun daɗe da rufewa.

Na biyu, kasuwa ta tashi. A 1966 aka buɗe wata babbar kasuwar zamani mai rufi ɗaya, Inland Center, a 1972 aka buɗe wata a tsakiyar gari. Masu sayayya suka bar kantunan bakin titi, masu abincin da ke rayuwa a gefensu suka rasa masu wucewa. Daga baya gidajen abincin manyan kamfanoni suka yi jerin gwano a kudancin birnin, a bakin babbar hanya mai lamba 10, inda fili ya fi ƙarfin aljihun ɗan gari.

Na uku, aiki ya ƙare. Masana'antar ƙarfe ta Fontana ta rufe a 1983, ma'aikatar gyaran jirage a 1992, sansanin Norton a 1994, shi kaɗai kuwa ya tafi da aikin mutum wajen dubu 10. Wanda ba shi da albashi ba ya cin abinci a waje. A 2012 hukumar birnin kanta ta kasa biyan basussukanta, ta nemi kariyar kotu, ba ta fita ba sai 2017.

Na huɗu, ƙarfin babban kamfani. Shi yana sayen nama da burodi da yawa a kan arha, yana da kuɗin talla a rediyo da talabijin, baƙon da bai san gari ba kuma yakan zaɓi sunan da ya riga ya sani. Ɗan gari kuwa in ya tsufa, sau da yawa 'ya'yansa sun yi karatu sun kama wani aiki, ba mai gadon murhu, sai a sayar da filin.

ABIN DA AKA RASA DA ABIN DA AKA SAMU

Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma adalci ya sa a auna abin ta fuska biyu. Sabon tsari ya kawo arha da sauri, da tsabtar da ake iya dubawa, ya kuma ba talaka damar fita da 'ya'yansa cin abinci. Tsohon zamanin ma ba duka ne alheri ba. 'Yammatan da ke kai abinci galibi da tukuici suka dogara, albashinsu bai taka kara ya karya ba. A wurare da yawa na Amurka kuma akan hana baƙar fata zama a gidan abinci, har sai da dokar 1964 ta haramta hakan.

Duk da haka akwai abin da ya tafi wanda bai dawo ba. Ribar gidan ɗan gari a gari take kwana, da ita ake gina gida, a biya kuɗin makaranta, a taimaki maƙwabci. Mai gidan ya san mutanensa, ya san wanda zai ɗaga wa ƙafa har ƙarshen wata. Kowane gida yana da ɗanɗanonsa, wanda in mai shi ya mutu bai koyar ba, ya tafi ke nan. Har wa yau gidan ɗan gari majalisa ce, kamar yadda labarin Mitla ya nuna. Ma'aikacin babban kamfani ba shi da ikon ba da ɗakin cin abinci domin taron unguwa, sai ya tambayi na sama da shi a wani birni.

Shi gidan Mitla yana nan har yanzu a hannun zuriyar wadda ta kafa shi. Abin da ya riƙe shi kuwa a bayyane yake: iyalin ba su saki sana'ar ba, ba su sayar da sunan ba, kuma cinikinsu ya dogara ga mutanen unguwa fiye da masu wucewa. Da hanya ta tashi, unguwa ta riƙe su.

YADDA AKE TUNAWA

Shekara da shekaru kamfanin McDonald's ya ɗauki gidan Des Plaines a matsayin na farko, har ya yi masa gidan tarihi, wanda aka rushe a 2018. Filin titin E kuwa ba wanda ya kula da shi, sai a 1998 wani ɗan kasuwa mai suna Albert Okura, mai gidajen gasa kaji na Juan Pollo, ya saye shi ya buɗe ɗan gidan tarihi ba da hannun kamfanin ba. Mutane suka riƙa kawo abin da suka ajiye, wani tsohon hoto, wani takardar farashi, wani rigar aiki. Okura ya rasu a 2023. Daga 1990 kuma aka fara wani taro na shekara shekara, inda masu tsofaffin motoci suka riƙa zagaya tsakiyar birnin domin tunawa da zamanin hanya mai lamba 66.

Amma fa gidajen da aka faɗi sunansu a nan, an san labarinsu ne domin sun haifi manyan kamfanoni, marubuta suka bi sawu. Sauran da suka cika titin E da titin Mount Vernon, waɗanda ba su haifi kome ba sai ƙoshin mutanen unguwa, abin da ya rage nasu shi ne hoto nan da can, da tallar tsohuwar jarida, da abin da tsofaffi ke iya tunawa, shi ma yana raguwa kowace shekara.

ABIN LURA GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Irin wannan ya taɓa faruwa a ƙasar Hausa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya kuma manyan motoci suka karɓi dakon kaya, zangunan fatake da yawa suka mutu, tare da sana'ar fatoma da matan da ke dafa wa ayari abinci. Yau ma duk sa'ad da aka yi hanyar da ta kewaye gari, ko aka mai da tasha ko kasuwa wani wuri, masu tuwo da masu shayi da masu tsire su ne na farkon ji a jika. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Saboda haka ga waɗansu abubuwa da ya kamata a kiyaye.

1. In an zo da shawarar kawar da hanya ko tasha ko kasuwa, ya kamata hakimi ya sa a ƙidaya masu abincin da ke wurin tun kafin a fara aiki, ya gabatar da maganarsu ga ƙaramar hukuma, domin a yanka musu wuri a sabon mazauni. A kuma duba ta wane gefe sabuwar hanyar za ta buɗe wa gari, gama gyaran wannan a takarda ya fi sauƙi bisa ga bayan an zuba kwalta.

2. Malamin hakimi ya keɓe shafi a littafin gunduma domin wuraren cin abinci da aka daɗe da sani. Ya rubuta sunan wurin, da mai shi, da shekarar da aka fara, da irin abincin da kuɗinsa, da irin mutanen da ke ci. In wurin ya tashi, ya rubuta shekarar da dalilin.

3. Game da waɗanda suka riga suka shuɗe, a tambayi tsofaffi tun suna da rai, musamman tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da dattawan mata. A ji daga bakin mutum biyu ko uku, a kuma bambanta abin da mutum ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa.

4. In za a rushe wuri, a ɗauki hotonsa tukuna, a ajiye allon sunansa in yana da shi.

5. Mai sana'ar da sunansa ya fita, in wani ya zo neman haɗa ciniki da shi ko sayen wurinsa, a ba shi shawara kada ya sa hannu a takarda sai an karanta masa ita duka, ya san ko sunan yana cikin abin da zai sayar.

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi, sai alƙalami da haƙurin sauraro. Shafi guda da malami ya cika bana, bayan shekara hamsin mai yiwuwa ne shi kaɗai zai rage da zai shaida cewa an taɓa yin wance mai tuwo a bakin tsohuwar tasha, ta ciyar da gari shekara talatin.